Gidan Yaya Sale da Ba Shi da Wurin Tsayawa

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Sale, kafinta, wanda ya zo aikin Hajji da ƙuruciyarsa ya zauna a Jidda har aka binne shi a cikinta. Bai taɓa mallakar iƙama ba, takardar da ke ba baƙo izinin zama. Amma ya yi gida, kuma ni na riƙe masa katakon.

Wani dattijo a wata tsohuwar unguwa kusa da Sa'alaba ne ya yarda masa ya yi gini a saman benensa. Katako kuwa daga Khumra muka riƙa kwaso shi, ragowar akwatunan kaya da ɗakunan ajiya ke zubarwa. Yaya ya fara shimfiɗa na ƙasa, ya tsayar da ginshiƙan kusurwa, ya ɗaure kawunansu da dogayen katakai, ya bi tsakani da ƙanana. Sai da ƙwarangwal ya tsaya da ƙafarsa sannan muka rufe da falanki, muka ɗora kwano. Ɗaki biyu da ɗan madafi.

Abin da ya riƙa haɗa mu faɗa shi ne ƙusa. Ba ya buga ta har ƙarshe, sai ya bar kanta a waje kaɗan. Ta yaga mini riguna, na ce masa wannan aikin malalaci ne. Ya yi dariya, ya ce ni dai ban san garin da nake ba.

"Ya akhi, ɗan'uwana, mu nan ba a gina gida don a zauna. Ana gina shi yadda zai kwance da sauƙi."

Da rusau ya iso unguwar, Yaya ya riga ya kwanta dama. Ni da matarsa, Hajiya Rabi, muka zare ƙusoshin nan da bayan guduma, gidan ya sauko salin alin, ko falanki ɗaya bai tsage ba. Na yi kuka ranar, don na ga gaskiyarsa.

Sai dai ko shi bai hango sauran ba. Ya ɗauka in an tashe mu a nan, akwai wani saman benen a can. Yau babu. Ba mai gidan da zai bar marar takarda ya kafa ko dirka ɗaya. Da zai dawo, ina jin zai zagaya daga unguwar Madain Fahd zuwa bakin teku da zartonsa a hannu, ya rasa inda zai aje shi. Hajiya Rabi tana raɓe a ɗakin 'yarta, katakon kuma yana jibge a bayan wani gareji a Khumra, danshin teku yana cinsa. Duk ziyarar da na kai mata, tambayarta ɗaya ce, ko an sami wurin da za a sake tayar da gidan.

Watan jiya mai garejin ya ce halas, ya isa haka, a kwashe katakon ko ya kira masu shara. Na je na faɗa mata ba ɓoye-ɓoye. Sai ta ce mini:

"Malam Audu, bar musu sauran. Ƙofar kawai za ka kawo mini."

Na kawo. Abin da ya rage na Yaya Sale a duniya ke nan, don a nan kabari ba ya ɗauke da suna. Ƙofar tana ƙarƙashin gadonta a gidan suruki, da makullin a jiki.