Kwalaben Kabiru da ƙusa ta ƙi bi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Kabiru, kuma ban ji daɗin ko ɗaya a cikinsu ba. Ciwon hanta ya ɗauke shi yana tsakiyar bincike a jami'a. Ni mahauci ne, aji huɗu na tsaya. Shi ya yi karatun gidanmu duka.

Na sha tambayarsa aikin me yake yi. Ya ce maganaɗisu yake haɗawa, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin ƙwaya ɗaya. Haske na canza halinsu, kuma sai cikin sanyi suke aiki. Na ce to. Maganaɗisun da na sani shi ne na bayan tsohuwar rediyo, wanda tela ke tsintar allura da shi.

Ya bar mani gwangwani: littattafai uku da 'yan kwalabe masu gari kamar gishiri, wani ja, wani shuɗi. Ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Ruma, gwangwanin na ɗaura a babur na bar buhun gero. Har yau uwargidana ba ta daina yi mani gori ba. Da Kabiru zai ga gonar Baba ta zama daji, mu muna zaune a Batsari, ban san abin da zai ce ba. Wataƙila gwangwaninsa zai fara tambaya.

A watan jiya wata malama da suka yi aiki tare ta kira ni daga Katsina. Tana son kayan, ɗalibanta su ƙarasa aikin da sunansa. Na ce zan duba. Na so in fara gwadawa da kaina, sai na ɗauki kwalba biyu na kai firizar mai sayar da ƙanƙara a bakin kasuwa, suka wuni. Na buɗe, na kara ƙusa. Ko motsi. Na gwada allura, haka. Idan na miƙa aka gane aikin banza ya yi, ni na tona asirin mamaci. Kwana goma ina ƙin ɗaukar wayarta.

Da na gaji na gaya mata gaskiya. Ta ce sanyin da ake nufi ba na firiza ba ne, sai da na'ura ta musamman, kuma biyun da na buɗe mai yiwuwa danshi ya lalata su.

Na ce, "Malama, to aikin nasa gaskiya ne ko kuwa?"

Ta ce, "Yaya, ni ma ban sani ba sai an auna. Shi ma abin da yake nema ya sani ke nan."

Ban gane yadda mutum zai ƙarar da ƙuruciyarsa kan abin da bai tabbatar ba, har yau ban gane ba. Na dai san bai taɓa yi mani ƙarya ba, kuma ni ne na ɓata masa biyu. Allah ya jiƙansa.

Washegari ban yi yanka ba. Na rufe sauran kwalaben da tsumma, na ɗaure gwangwanin, na shiga motar Katsina da shi a kan cinyata.