Na'urar da ta kira sunana

'Yan uwa, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu jikina a sanyaye yake.

Da yamma na ji a rediyo wai ana koya wa kwamfuta gano masu biyan ma'aikata albashin da bai taka kara ya karya ba. Har na ce madalla, a kama azzalumai.

A mafarkin, sai na gan ni a wani fili kamar na idi, amma ko'ina igiyoyin shanya ne. A tsakiya ga wata na'ura kamar firji, mutane sun yi layi suna nuna mata tafin hannu. Wani ya ce mini da hannuwan ma'aikata aka koya mata, ta ga da yawa, yanzu kallo ɗaya take yi ta gane wanda aka ƙwara. In ta duba, sai ta kira sunan ubangidansa. Ta kira wani mai gidan burodi, ta kira mai wata makarantar kuɗi. Ina gefe ina cewa Allah ya ƙara.

Sai kawai na hango Iya Talatu a layin, dattijuwar da ke mana wanki tun ina goyon fari. Hannunta duk sabulu ya cinye. Na'urar ta tambaye ta da muryar mace, "Nawa ake ba ki?"

Ta sunkuyar da kai. "Ai 'yata ce. Duk abin da ta ba ni, Allah ya sa albarka."

Haka take ce mini kullum. Ni kuwa ban taɓa ƙara mata ba.

Sai kawai na'urar ta kira sunana, har da na mahaifina. Na shiga bayani: ina zuba mata tuwo, ina mata atamfa da sallah, da ta yi zazzaɓi ni na sayi magani. Sai ga ni a tsakar gidana ina kiciniyar ɗaga bahon wanki, ya ƙi ɗaguwa, ruwan sai ƙaruwa yake. Na ce, "Iya, faɗi kuɗinki mana, don Allah faɗi!" Tana ta cuɗa rigar maigida, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Na farka da hawaye, ana kiran assalatu.

Wallahi ban taɓa nufin cutar da ita ba. Amma ban taɓa tambayar yadda ake biyan wanki yanzu ba, kuma na san me ya hana ni tambaya. Gobe za ta zo.

Masu ilimi, gargaɗi ne wannan, ko tunanin da na kwanta da shi ne? Kuma wadda kunya ta hana ta faɗin haƙƙinta, shirunta yafiya ne, ko yana can yana jirana ranar hisabi?