Yayan Kaka da Jirgin Jamus

Warin baƙin mai ne ya dawo mini da Kaka. Kwanan baya na raka wata baƙuwarmu Bi'ir Ali za ta ɗaura harami. Manyan motocin alhazai sun jeru a bakin masallaci, babu direban da ya kashe inji, hayaƙi yana ta bin ƙafafun mutane. Kowa ya toshe hanci ya wuce. Ni kuwa na tsaya cak, don sai na ga tsohon nan a idona, ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, yana cewa a matsar da shi daga wurin.

Kaka mahaifin babana ne, kuma a gidansa aka haife ni, a wata tsohuwar unguwar mutanenmu kusa da Harami. Idan Madinar yanzu ka sani, kada ka wahalar da kanka wajen neman unguwar, an daɗe da shafe ta. Lunguna ne ƙanana da gidaje masu sanyin ciki, randa a kowane zaure, ƙamshin na'ana'a yana fitowa ta ko'ina da yamma. Da zafi ya kankama, ɗanyen dabino ya fara shigowa kasuwa, sai Kaka ya ƙaura zaure da tabarmarsa da maficinsa. Ni ce mai kai masa shayi. Uwargida yake kirana, kullum kuma sai ya sake ni saboda sukari ya yi kaɗan. Ni ma ba na raga masa. Nakan ce wa zai zauna da miji marar haƙori in ba ni ba, shi kuma ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Abu biyu ne kowa ya san shi da su. Na farko, jana'iza ba ta wuce shi. A Harami da wuya a idar da salla ba a kira sallar gawa ba, to Kaka ko gawar wa aka kawo sai ya tsaya, sai ya bi ta har maƙabartar Baƙi'a, ya dawo ƙafafunsa sun yi furu-furu. Mutane suna cewa neman lada ne. Na biyu, ba ya cin kifin teku. Duk ranar da babana ya zo da kifi daga Yanbu, gida ya ɗauki ƙamshin suya, Kaka gurasa da shayi yake ci a zaure.

Wata la'asar na tsare shi da tambaya, irin tsarewar jikar da aka sangarta. Na ce kifin me ya yi masa. Ya daɗe yana juya maficin kafin ya ce, “Uwargida, ban san abin da kifin ya ci ba.” Daga wannan ranar ya fara ba ni labarin, gutsure-gutsure, yau kaɗan gobe kaɗan. Ni ce na haɗa shi daga baya da na yi hankali.

Su biyu suka baro gida da ƙafa, shi da wansa, za su aikin hajji. Kaka a lokacin ko gemu bai fara ba. Mahaifiyarsu ta ba wan nasa wani farin ƙyalle saƙar gida, ta ce ya tsoma shi a ruwan Zamzam, ya shanya, ya dawo mata da shi, da shi take so a lulluɓe ta ran da ta mutu. Haka tsofaffinmu suke yi a da. Suka yi ta tafiya suna tsayawa ƙodago a gonakin mutane, har suka kai bakin teku a ƙasar Sudan. A nan suka tarar Turawa sun kaure da yaƙinsu na farko, tsallakawa ta yi wuya, guzuri kuma ya ƙare. Sai suka sami aiki a wani jirgin kaya na Ingilishi, suna zuba gawayi a bakin wutar inji. Sun ɗauka tafiya ɗaya za su yi su dawo. Jirgin ya bi da su arewa, ya ratsa ta Masar ya shiga Bahar Rum.

Kaka ya ce duk ma'aikatan jirgin maganarsu ɗaya ce, wani jirgin Jamus da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa. Babana da Larabci yake kiransa, gawwasa, amma Kaka har ya mutu “mai nutso” yake ce masa. Sabon abu ne a duniya a lokacin. Wasu suka ce ƙarya ce, ƙarfe ba ya nitsewa ya taso. Wasu suka ce ya riga ya kifar da jiragen yaƙi manya. Wan Kaka ya ce masa kada ya damu, su da ba su da gami da Jamus ko Ingilishi, me za a nema a wurinsu.

Wata rana da hantsi mai nutson ya fito musu, teku kwance lumui. Aka ji ƙarar igwa, inji ya tsaya, aka yi ta ihu kowa ya hau sama. Kaka ya ce da ya leƙa sai ya ga abin bai kai yadda ake zuzuta shi ba: dogo, siriri, duk tsatsa, ruwa yana zuba daga bayansa, yana ta warin baƙin mai. A farkon yaƙin, in ji shi, ba su cika harbi babu sallama ba. Sukan taso su ba mutane ɗan lokaci su sauka, sannan su nutsar da jirgin. Haka aka yi musu. Aka sauke ƙananan kwale-kwale, wansa ya cusa shi a ɗaya, har shi ma ya sa ƙafa zai shiga. Sai ya dafe ƙirji ya ce, “Ƙyallen Inna.”

Ƙyallen yana can ƙasa inda suke kwana, kusa da rumbun gawayi. Kaka ya riƙe masa riga, ya fizge ya nufi ƙasa. Wani Bature ya daka masa tsawa, bai ji harshen ba, ko da ya ji ma ba zai tsaya ba. Aka tura kwale-kwalen don kada jirgin ya ja su idan zai nutse. Lokacin da Jamusawan suka bayar ya cika, suka buɗe wuta.

Abin da ya fi ci wa Kaka rai ba harbin ba ne. Bayan ruwa ya rufe, jirgin Jamus ɗin ya matso kusa da su. Wani saurayi mai jan kunne, wanda bai fi Kaka shekaru ba, ya jefo musu gwangwanin ruwa, ya nuna musu da hannu inda tudu yake. “Mutane ne, uwargida,” in ji Kaka. “Da aljannu ne da na haƙura tuntuni.” Daga nan suka shige cikin abinsu, suka ja murfi, ya nutse ya tafi neman wani.

Kaka bai koma gida ba. Da wace fuska zai shiga wurin mahaifiyarsu, babu ɗan farinta, babu likkafaninta? Ya yi ta gararamba har Allah ya kawo shi Makka, ya sauke farali, ya zarce Madina ya zauna yana sayar da ruwa a salka. Malamin farko da ya samu cikin mutanenmu ya tambaye shi a yi wa wansa salla. Malam ya ce a karatun da suka gada ba a sallatar gawar da ba ta gaban liman, sai dai addu'a. Kaka bai yi musu ba, ba a musu da malam. Sai ya samo tasa dabarar. Duk gawar da aka ajiye a Harami, idan zai yi kabbara, sai ya saka wansa a cikin niyya. Ya san ba haka aka ce a yi ba, kuma bai taɓa samun natsuwa da hakan ba. Abin da yake roƙon Allah kullum shi ne kafin ya mutu a tsaya sahu musamman saboda wansa, ko sau ɗaya.

Ina 'yar makarantar firamare wani ɗalibi daga Nijeriya, mai karatu a Jami'ar Musulunci, ya fara zuwa gidanmu cin tuwon Juma'a. Mutum ne mai ladabi, ba ya zama sai ya durƙusa ya gaida Kaka. Babana ne ya ba shi labarin. Ɗalibin ya ce ai akwai malamai manya da suka halatta sallar ga'ibi, musamman ga wanda ya mutu ba a sallace shi ba, kamar wanda ruwa ya ci. Ya ce idan Kaka ya yarda, shi zai ja sallar.

Ban taɓa ganin Kaka cikin farin ciki irin na wannan makon ba. Ya sa aka yi masa aski, aka wanke farar rigarsa ta Idi. Ya aika aka gaya wa tsofaffin unguwa. Ko sau ɗaya bai sake ni ba a kan shayi. Lokacin sanyi ne, irin sanyin Madina mai shiga ƙashi, amma ranar sallar, da hantsi, Kaka ya fito babu ko mayafi. Maza suka taru a tsakar gida, mu mata muna daga bakin ƙofa, ni na kutsa gaba.

Aka daidaita sahu. Ɗalibin ya juyo ya ce, “Baba, mene ne sunan marigayin, in sanar da jama'a?”

Kaka ya ce, “Yaya.”

Babana ya matsa kusa da shi ya ce a hankali, “Baba, sunansa na yanka ake nufi.”

A nan sai in yi maka bayani, idan kai ɗan yanzu ne. Wan Kaka ɗan fari ne, don haka mahaifiyarsu ba ta taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari ke nan. Kuma sunan kakansu aka mayar masa, saboda haka mahaifinsu ma ba ya faɗa. Ƙannensa kuwa wa ya isa? Yaya kawai. A cikin jirgi Turawa “kai” suke ce musu da hannu. Kaka ya san sunan, ya ji shi a bakin abokan wan nasa suna yara, amma shi bai taɓa furta shi ba, ko a addu'a. Ya ajiye shi a ransa yana ganin yana nan inda ya bar shi.

Na ga bakinsa yana motsi. Ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya dubi babana kamar shi zai gaya masa. Ɗalibin ya gane, ya yi sauri ya ce, “Ma alesh, Baba, babu komai. Salla ba sai da suna ba, Allah ya san bawansa.” Gaskiya ya faɗa. Aka yi kabbara huɗu aka sallame, mutane suka yi wa Kaka barka, aka raba dabino da gahawa. Shi kuwa ya koma zaure ya zauna da rigar Idinsa. Da na kai masa shayi bai karɓa ba. Ya ce, “Teku jikinsa kawai ya ci. Sunan a hannuna ya ɓace.”

Daga ranar bai ƙara bin gawa Baƙi'a ba. Sai ya ɗora mini wani aiki. In na dawo daga makaranta zai zaunar da ni ya ce in jero masa sunayen maza, duk wanda na sani. Na jero na Annabawa, na Sahabbai, na yaran unguwa, na alhazan da suke sauka gidanmu. Ya rufe ido yana saurare, yana girgiza kai. Wani lokaci ya ɗaga hannu ya ce in maimaita, sai kuma ya sauke hannun. Na tabbata na faɗi sunan, wataƙila ba sau ɗaya ba, don sunayen mutanenmu ba su da yawa haka. Ya zo ya wuce ta kunnensa bai gane shi ba. Wannan ne abin da har yau in na tuna yake sa ni kuka. Kafin ɗanyen dabino ya sake shigowa kasuwa Kaka ya rasu, aka kai shi Baƙi'a, inda ba a rubuta sunan kowa a kan kabari.

Yanzu a unguwar Al-Ranuna muke zaune, a hawa na uku, babu zaure babu randa. Da na dawo daga Bi'ir Ali ranar nan na kasa riƙe abin, na ba 'yata ta ƙarshe labarin. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Ta ɗauko wayarta, kafin in rufe baki ta nuna mini hotunan irin waɗannan jiragen na farko. Kowanne da lambarsa, da hoton kyaftin ɗinsa, da inda aka ƙera shi, da tekun da ya bi, da jiragen da ya nutsar, har da yadda ya ƙare, wani ya nutse da mutanensa, wani an miƙa shi bayan yaƙi an farfasa. Ba mu san wanne ne namu ba, Kaka bai san sunan jirgin da suka yi aiki a ciki ba. Na ce ta duba ko an ambaci masu zuba gawayi. Ta ja allon sama da ƙasa, ta ce, “Ma fi, ya ummi.” Babu.

Sai ta ɗago kai ta tambaye ni, shi kakan nawa fa, mene ne sunansa. Na san shi, wallahi na san shi, yana nan a kan harshena. Amma ban taɓa faɗarsa ba tun da aka haife ni, babana ma har ya koma ga Allah bai faɗa ba, kuma duk waɗanda suke kiransa da shi sun mutu. Na buɗe baki, wani nauyi ya danne ni, na ji kamar yana zaune a gabana yana kallona.

Na ce mata, “Kaka.”

Ta yi dariya, ta ɗauka wasa nake yi, ta mayar da kanta kan wayar.