Lasifikar Rediyon Kaka

Ni ne na yi laifin, ba batir ba. An daɗe da yin abin, amma duk ranar da ƙaurin dalma ya bugi hancina a shagona na gyaran rediyo a Gwaram, sai na tuna abin da na yi wa kakana.

A Sundimina na tashi. Ina da shekara goma sha huɗu arzikin man fetur ya shigo, aka yi ta aikin hanya ta wajen Birnin Kudu. Wani direban katafila ya sauka a zaurenmu, da zai tashi ya bar mini tsohuwar jita mai tsirkiya huɗu. Muryarta ba ta wuce zaure. Ni kuwa na taɓa ganin makaɗa sun jona tasu da akwati ana jin su har bakin kasuwa. Na ce sai na haɗa nawa.

Duk ranar kasuwa ina bayan rumfar mai gyaran rediyo, ina tsintar abin da ya zubar. Da ya gaji da korata, shi ya nuna mini ɓangaren da ke ƙara murya. Na naɗe maganaɗisu da siririyar wayar tagulla, na manna ƙarƙashin tsirkiyoyin. Ƙusa nake sakawa a garwashi in narka dalma, har yau da tabon a yatsana. Tsohuwar ƙwaryar fura ita ce akwatin. Abu ɗaya ya gagara, lasifika. Duk wadda na tsinto matacciya ce.

Kaka yana da rediyo. Idonsa ya fara dushewa, ga baffana yana aiki can Fatakwal, wasiƙarsa sai shekara-shekara. Amma yakan aika gaisuwa gidan rediyo. Saboda haka kowace Juma'a bayan la'asar Kaka zai shimfiɗa buzunsa gindin darbejiya, ya kara rediyon a kunne, ko za a ambaci ɗansa. Lasifikar rediyon ta taɓa yagewa ya liƙe ta da ƙaro da takarda, shi ya sa take wani ɗan kuka kamar zanzaro ya shiga tulu.

Wata Laraba ya tafi ta'aziyya Unguwar Ya. Na kwance rediyon, na cire lasifikar, na mayar da murfi. Na ce wa kaina zan mayar kafin Juma'a. To, ina jona ta sai ƙwaryar ta yi magana. Na taɓa tsirkiya ɗaya, kaji suka watse, yaran unguwa suka cika bayan rumbunmu. Ban mayar ba.

Ran Juma'a Kaka ya murɗa, shiru. Ya ɗaga rediyon, ya jinjina shi a hannu, ya ajiye.

"Batir ne ya yi sanyi," in ji shi.

Ya zare batiran ya shanya su a rana a kan turmi, yadda kowa ke yi a lokacin. Kullum da hantsi ya shanya, da yamma ya kwashe. Ina wucewa ina ganinsu a jere.

Mako uku bayan haka maƙwabcinmu ya shigo da sauri. "Baba, ka ji ɗanka kuwa? Ya gaishe ka! An yi masa haihuwa, namiji, ya sa masa sunanka."

Kaka ya yi hamdala. Sannan ya ce, "Zauna, Malam. Faɗa mini yadda aka faɗa, kada ka tsallake komai." Sau uku ya sa shi ya maimaita. Ina tsaye a bakin zaure ina jin komai. Mahaifina ya ce zai kai rediyon Birnin Kudu a duba. Kaka ya ce, "A bar shi. Batir ne."

Wata rana ina kaɗawa a bayan rumbu sai na ji takun sandarsa. Ya tsaya ya saurara.

"Kai ja'iri, ƙwaryar nan taka akwai zanzaro a ciki." Ya lalubi dutse ya zauna. "To ci gaba mana, ko sai na biya?"

Daga nan duk Juma'a bayan la'asar ni yake kira in kaɗa masa. Na yi ta kaɗawa, ina ganin na tsira.

Yaran yanzu suna kiran Fatakwal daga aljihunsu, har su ga fuska. Ba za su gane abin da na hana tsohon nan ji ba. Ni ma ban gane ba sai da na girma na koyi sana'ar, kakata Inna ta zaunar da ni.

"Kana tsammani bai sani ba? Tun ranar da ya ji rediyon ya yi sakayau a hannunsa. Ya san halin ubanka, da an buɗe rediyon nan sai ya farfasa jitar a jikinka. Shi ya sa ya yi ta shanya batir."

Na tashi na ɗauko ƙwaryar, na ɓanɓaro lasifikar. Lokacin Kaka ba ya gani sam. Na durƙusa gaban buzunsa, na sa masa ita a tafin hannu. Babban yatsansa ya bi takardar har ya tsaya a kan ƙaron.

Na ce, "Kaka, ba batir ba ne. Ni na cire. Ni na hana ka jin gaisuwar Baffa. Don Allah ka yafe mini."