Ranar Da Na Ajiye Kunyar Surukina

Ko yau da haƙorana suka ƙare, in na tuna da ciwon surukina sai na yi dariya, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wannan abu ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Lokacin Nasara ba su fi shekara goma da shigowa Sakkwato ba. Muna zaune bayan Hubbare, maigidana ya tafi fataucin fata, gidan daga ni sai mahaifinsa, wani tsohon baduku mai tsananin kunya. Ni kuwa matar ɗan fari ce. Ba na kama sunansa, ba na haɗa ido da shi, in zan gaishe shi daga bayan zana nake durƙusawa.

Ni ke cika masa buta. Wata safiya na ga ya zaga bayan gida ya fi sau bakwai kafin hantsi, amma kowane zuwa ba na jin komai sai nishi, butar ma cike take dawowa. Na tambaya daga nesa, “Baba, lahiya?” Ya ce, “Lahiya lau, ɗiyata. Ɗan ciwon ciki na.”

Wannan “ciwon ciki” shi ya kusa kai shi ƙasa. Kun san mutanenmu da zumunci, ba a zuwa dubiya hannu sake. Maƙwabci ya kawo jiƙon sabara, liman ya aiko da rubutu, abokan sana’a suka zo da tsimi cikin ƙwarya. Baba kuwa ba ya mayar da hannun kowa, ai cin fuska ne. Duk wanda ya miƙo sai ya yi bisimilla ya shanye tas. Ruwa na shiga, ba ya fita. Kafin azahar ta kwana na biyu mararsa ta yi tsiri kamar tulu, zufa na zuba, ya kasa ko zama.

Ni kaɗai na san gaskiya, ni ce kuma wadda bai kamata ta faɗa ba. Ina matar ɗa za ta buɗe baki ta ambaci bawalin surukinta? Na shiga ɗaki na fito, na kama daka na saki. Sai ga wanzamin unguwa, abokin Baba tun suna yara, ya yi sallama da tasa ƙwaryar, har da ƙahon tsaga a jaka. Ban san lokacin da na tare shi a zaure ba. Na ja zane na rufe fuska na ce, “Baba wanzam, don Allah kak ka ba shi. Kwana biyu ke nan bawali bai hita ba.” Ina gama faɗi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Wanzam ya zubar da jiƙon nan take, ya faɗa ɗakin yana faɗa. “Kai tsohon banza! Kana ta shan ruwa kamar raƙumi, ashe ƙohwa a ruhe take? Tashi mu tahi bariki wurin likita!”

“Ni? Nasara ya yanka ni? Gara in mutu ɗakina.”

“Yo mutuwar ai ita kaka shiri. Ni da aska hannuna ban yanka ka ba shekara sittin, sai shi?”

Aka rasa abin ɗaukarsa, don jaki ba ya hawuwa. Wani ya ce a aro makara a masallaci. Duk da azabar da yake ciki sai da Baba ya ɗago ya ce wanda ya kawo makara shi za a sa ciki. A kan ƙyauren ɗakinsa aka ɗauke shi, mutum huɗu.

Ni ban je ba, ban ma taɓa ganin barikin ba har yau. Amma wanzam ba ya iya magana a hankali, da suka dawo bayan la’asar duk na ji daga madafa. Wai likitan ya danna marar, ya yi wa tafinta magana, tafinta ya ce akwai wata tsoka a wuyan mafitsara da kan kumbura wa tsofaffi maza har ta toshe hanya. Baba ya runtse ido yana salati yana jiran wuƙa. Sai Baturen ya ciro wani siririn bututun azurfa daga tafasasshen ruwa, ya shafa masa mai, ya bi ta hanyar da Allah ya riga ya yi. Babu yanka, babu ɗinki. “Wallahi tasa biyu munka cika!” in ji wanzam. “Yana ta hamdala, har ya sa wa Nasara albarka bai sani ba!” Likitan ya ba da bututun, ya nuna wa wanzam yadda ake tafasa shi da yadda ake sawa in abin ya dawo. Ya kuwa dawo, ba sau ɗaya ba, amma Baba ya ƙara shekara takwas, ya ga jikoki uku.

Kwana da kwanaki ina ɓuya, ina jiran fushinsa, don na san wanzam ya gaya masa bakin da maganar ta fito. Bai taɓa tayar mini da ita ba. Sai ranar da maigidana ya dawo na ji Baba ya ce masa, “Dut garin ga sun zo gaishe ni, sun kusa kashe ni da alheri. Matarka ɗai ta yi min rashin kunya, shi ya sa ka iske ni da rai.”

Tun daga nan na gane kunya ado ce, amma in rai na shirin fita, a tuɓe ta a ajiye. Mutum sai yana da rai ake jin kunyarsa.