Saƙon Muryar da Na Janye

Na daɗe ina tuƙa mota a Alƙahira. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma a ƙauyenmu duk wanda ke zaune a Masar malami ne. Ban taɓa gyara musu ba, domin abin yana yi mini daɗi.

Wani zaɓe ya zo da zafi, 'yan'uwa suka yi ta kirana suna tambayar wa za su zaɓa. Ina zaune a wurin shan shayi a Darrasa, inda ɗalibanmu ke taruwa, na tsinci Larabci kaɗan daga bakinsu, na ɗauki saƙon murya. Na ce duk wanda ya dangwala wa ɗaya jam'iyyar ya saɓa wa Allah. Kafin Juma'a saƙon ya zaga gari.

Mijin ƙanwata ɗan waccan jam'iyyar ne. Da ta haihu, ranar suna abinci ya yi kwantai, mutane ba su zo ba. Maƙwabta suka daina sayen man gyaɗarta. Ba ta kira ta yi mini faɗa ba, ta dai daina ɗaukar wayata.

Tun daga nan na fita harkar jam'iyya. Katin zaɓena yana nan, kuma in zaɓe ya zo gida nake komawa, tunda ba a jefa ƙuri'a daga nan. Gwamna daban, ɗan majalisa daban, gwargwadon abin da na gani da idona. Wannan ya sa kowane ɓangare ke ganin na ɗayan ne a ɓoye.

Akwai wani sa'ana Bakano mai sayar da littattafai, ba ya ƙyale ni.

"Alhaji, yau wace riga aka sa? Ko har yanzu haka ake yawo ba riga?"

"Malam, taka ce ta yi dauɗa," na ce. "Shekara nawa ba ka cire ta ka duba ba?"

"Khalas, shi ke nan, ku rabu da shi, ɗan ba-ruwana ne," ya ce wa 'yan wurin shan shayi.

"Da ruwana. Shi ya sa nake tambaya kafin in dangwala."

Da wani zaɓen ya matso, kira ya dawo daga gida. Na ajiye mota a gefen titi a Madinat Nasr, na ɗauki sabon saƙo da Hausa zalla. Na ce ni direba ne, ba malami ba. Abin da na faɗa a baya son zuciya ne, na zalunci ƙanwata da mijinta, ina roƙonsu gafara a gaban kowa. Kowa ya zaɓi wanda ya gamsu da shi, ni ba zan ambaci kowa ba.

Yayana ya kira ya ce na zubar da mutuncin gida. Wasu suka daina ce mini Malam. Sun yi daidai.

Sai da aka yi mako biyu amsar ƙanwata ta zo: "Yaya, na ji. Ka makara, amma na ji."

Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma matsa mata ba. Ranar Juma'a na kira, ta ɗauka. Muka gaisa a taƙaice, ta miƙa wa mijinta. Ya ce in na zo zaɓe, a gidansa zan sauka. Na ce to, amma kada ya sa rai da ƙuri'ata ta gwamna tukuna, ban gama bincike ba.