Watan da Na Ce Na Gani

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Salihu makwancinsa. Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo nakan ɗauki biro da niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye, domin abin da ya kamata in rubuta ba yabon kaina ba ne. Bana dai na gaji da ajiyewa.

Yaya Salihu ma'aikacin safiyo ne, wato awon ƙasa, amma a unguwarmu ta Maitumbi, a Minna, ba da wannan aka san shi ba. An san shi da bututu. Wani bututun roba ne na ruwa ya samu, ya ɗaura masa gilasan tsohon madubin awon ƙasa, ya yi masa ƙafa uku da katako. Da magariba sai ya saɓa shi ya hau dutsen bayan gidanmu. Ta wannan bututu na fara ganin ramukan da ke fuskar wata. Shi ya nuna mini Zara, tauraruwar nan mai haske da ke fitowa yamma, da Kaza da 'Ya'yanta. Maƙwabcinmu Baba Danladi, manomin doya, ba ya yarda da ruwan farko sai ya leƙo ya ce, "Salihu, kaza ta tafi?" In Yaya ya ce ta kusa ɓuya a yamma, to damina ta zo da gaske.

Ranar ashirin da tara ga kowane wata kuwa, dattawan masallacinmu ba sa aika wa mai unguwa labarin jinjirin wata sai sun ji ta bakinsa. Ba albashi, ba muƙami, amma wannan tambaya da suke yi masa ita ce girmansa a duniya. Ni na raba shi da ita.

Wata shekara ce azumi ya faɗo cikin zafi, kowa ya galabaita. Ranar ashirin da tara muka cika dutsen, har da mahaifin yarinyar da nake nema. Tun da la'asar Yaya ya faɗa wa mutane cewa bisa lissafinsa wata zai riga rana faɗuwa, kowa ya shirya sahur. Ni kuma na gaji da zama ƙanen Salihu, mai ɗaukar ƙafar bututu. Ina so ko sau ɗaya a juyo a dube ni. Sai na miƙa hannu yamma na ce ga shi can. Mutane suka yi caa, biyu daga abokaina suka ce su ma kamar sun gani.

Yaya ya duba ta bututu, ya duba da ido, ya ce a hankali, "Isiyaku, babu wata a wurin."

Da na yi shiru a nan, da an yi dariya an watse. Amma surukina na tsaye. Na ce a gaban kowa, ni da idon da Allah Ya ba ni na gani, wanda ya san abin da sama za ta yi tun kafin ta yi kuwa, a tambaye shi ina yake samo labari, domin masu duban taurari ba su da wani suna sai bokaye. Ina faɗa ina jin ɗacin maganar a bakina, kuma ban janye ba.

Ba a ga wata a ko'ina ba, aka cika azumi talatin. Gaskiyarsa ta fito, amma maganata ta riga ta shiga gari, kuma ta fi daɗin maimaitawa, tunda daga bakin ɗan'uwansa ta fito. Dattawa suka daina tambayarsa. Iyaye suka hana 'ya'yansu leƙa bututu. Ya ci gaba da hawa dutsen shi kaɗai har shekara shida, muna cin tuwo a kwano ɗaya, bai taɓa tayar da zancen ba. Ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin an wuce wurin, don hakan ya fi mini sauƙi.

Nakan tambayi kaina me zai ce da Minna ta yau. Gidaje sun haye dutsen, fitilun sola sun cinye rabin taurarin da ake gani ta wajen unguwar Tunga. Yara na ɗaga waya sama ta gaya musu sunan kowace tauraruwa, malamai kuma na bayanin lissafin wata a rediyo ba mai kiransu bokaye. Ina jin zai ji daɗi, sannan ya yi mita cewa kowa na kallon waya, ba mai kallon sama. Abin da bai canza ba ɗaya ne. Kwanan baya 'yarsa Hajara ta gaya mini wata tsohuwa a unguwar Fadikpe ta gane ta da cewa, "Au, 'yar mai duba ce."

Hajara ce ta ba ni littafin da yake rubuta abin da ya gani kowace magariba. Na nemo shafin waccan ranar ashirin da tara, ina tsammanin in tarar da fushin da bai nuna mini ba. Ga abin da na tarar: "Wata ya riga rana faɗuwa. Isiyaku ya ce ya gani. Ina jin Zara ce ta ruɗe shi. Idonsa na da kyau, in ya huce zan koya masa."

Bututun na nan a ɗakina, littafin na wurin Hajara, kuma har yau lissafinsa bai saɓa ba. Wannan uzuri da ya nema mini ne ba zan iya ci gaba da riƙewa ba. Mutanen Maitumbi, Salihu ba boka ba ne, mutum ne mai son halittar Ubangijinsa, ni ne na yi masa ƙarya. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Ran nan ban ga wata ba, ko Zarar ma ban gani ba.